Yadda muka sa dokar kalmar sirri ɗaya a kan duk ma'aikatan kamfaninmu

Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin raba kaya a Kano, mai rassa biyu a wajen jihar. Mu biyu ne a sashen, ni da wani ɗan bautar ƙasa, masu shiga kwamfuta da asusun kamfani kuwa sun doshi 200. Rahoton odita na ƙarshen shekara ne ya jawo aikin, da layi ɗaya tak a kanmu: babu dokar kalmar sirri da ta game kowa, a gyara kafin zagayowa ta gaba. Wanda ya san PowerShell, wato wurin buga umarni na Windows, zai ce ai umarni ɗaya ne, kuma gaskiyarsa, umarnin bai wuce layi 2 ba. Amma akwai abin da ya kamata ya riga shi, akwai abin da ya kamata ya biyo bayansa, in aka saɓa jerin sai a wayi gari rabin ofis ba ya iya shiga kwamfuta. Na rubuta wannan ne don wanda aka ɗora wa irin wannan aiki a kan Active Directory, tsarin Microsoft da ke riƙe da asusun masu shiga kwamfutocin kamfani, ya ga jerin da muka bi da inda aka sha jira. Sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da domen, rumbun asusun kamfani gaba ɗaya, guda 2 ne, dukansu Windows Server 2019.

Na fara da kayan aiki. Ba na son shiga saba kai tsaye duk sanda zan duba ɗan wani abu, sai na nemi saka RSAT, kayan gudanar da saba daga nesa, a kwamfutata mai Windows 10. Tun daga siga ta 1809 ba a sauke shi a matsayin fayil daban, daga cikin Windows ɗin ake ƙara shi, kuma kyauta ne. Na buga Add-WindowsCapability da sunan kayan Active Directory, ya yi ta juyi, can sai ya dawo da lambar kuskure 0x800f0954. Dalilin shi ne an saita kwamfutocinmu su karɓi sabuntawa daga WSUS na cikin gida, mai raba sabuntawar Windows a ofis, shi kuwa ba ya ɗauke da waɗannan kayan. A Group Policy, inda ake sa dokokin da ke hawa kan kwamfutocin domen, ƙarƙashin System, akwai saitin da ke ba kwamfuta izinin ɗauko irin waɗannan ƙarin kai tsaye daga Windows Update. Da na kunna shi sai ya wuce, illa dai ya jira intanet ɗin ofis, wanda da rana sai haƙuri.

Daga nan sai karatu, ba tare da taɓa komai ba. Get-ADDefaultDomainPasswordPolicy ya nuna mini abin da ke aiki a lokacin: mafi ƙarancin tsawo harafi 6, dokar haɗa nau'in haruffa a kashe, kalmar sirri ba ta tsufa, ana tuna 24 na baya, adadin kuskuren da ke kulle asusu kuma 0, wato mutum zai iya kwana yana gwada kalmomi ba abin da zai tsayar da shi. Sabon domen yana zuwa ne da harafi 7, kwana 42, dokar haɗa nau'i a kunne. Ke nan wani ya taɓa sassautawa, sai dai wannan umarni ba ya faɗin a ina aka yi sassaucin. A riƙe wannan, zai dawo. Sai na fitar da sunayen kowa da Get-ADUser, tare da PasswordLastSet da PasswordNeverExpires da PasswordNotRequired da LastLogonDate, na zuba a fayil ɗin CSV na buɗe a Excel. Nan jikina ya yi sanyi. Akwai asusun mutanen da suka bar aiki tun kafin in zo, a buɗe. Akwai waɗanda ba su taɓa canza kalmarsu ba tun ranar da aka ɗauke su. Asusun da manhajar akanta ke aiki da shi yana cikin rukunin Domain Admins, masu cikakken iko a kan domen. Akwai kuma wani asusu mai suna sito kawai, wanda da na sauka ƙasa na tarar mutum biyar ke shiga da shi. An rubuta kalmar a bayan wata tsohuwar rasit, an manna da salatif a gefen allo, takardar har ta yi baƙi da yatsu: sunan kamfani ne da 123 a ƙarshe.

Abubuwa biyu na fahimta daga wannan fayil, kuma su ne suka tsara duk abin da ya biyo baya. Dokar tsawo ba ta komawa kan kalmar da mutum ke da ita. Ko ka ce harafi 12, mai harafi 6 zai ci gaba da shiga abinsa har ranar da ya zo canzawa. Dokar tsufa kuwa nan take take cizo, domin saba tana lissafi ne daga ranar da mutum ya canza kalmarsa ta ƙarshe. Da a ranar aka sa kwana 90, duk wanda tasa ta wuce wata uku da ta mutu a take, har da asusun manhajoji da ba mai zama a gabansu ya canza musu. Don haka na yanke cewa tsufa ce za ta zo ƙarshe, ba farko ba.

Na buga jerin waɗanda suka daɗe ba su shiga ba na kai wa Hajiya a ofishin ma'aikata. Wannan matakin kada a tsallake shi. LastLogonDate, wato ranar shiga ta ƙarshe, ba ya tafiya daidai da rana, yana iya yin jinkirin da ya kai kwana 14, sannan ba ya sanin wanda ke hutun haihuwa ko wanda ya tafi aikin hajji. Hajiya ta ɗauki biro ja tana bi ɗaya bayan ɗaya. "Wannan ya tafi, wannan ya rasu Allah ya jiƙansa, wannan kar ka taɓa, Malam, tana jego." Takardar ta kwana biyu a teburinta saboda lokacin shirya albashi ne, amma da ta dawo na samu abin dogaro, da sa hannunta a ƙasa. Waɗanda suka tafi ban goge su ba, na dakatar da su da Disable-ADAccount na tura su wani OU daban, wato akwatin ware asusu a cikin Active Directory, domin gogewa na iya ɓatar da izinin fayilolin da za a nema daga baya.

Inda aka fi jira shi ne takarda. Na rubuta shafi ɗaya da ke faɗin abin da za a sa, da ranar da za a fara, da abin da za a yi in abu ya ɓaci. Ta bi ta ofishin mulki, ta tsaya a wurin odita na cikin gida, shi kuwa ya kira ni. Yana da jerinsa a gabansa: canji kowane kwana 90, kulle asusu bayan kuskure 3. Na ce masa, "Yallabai, kuskure 3 ko ni ina yi in Caps Lock na kunne. Kuma duk wanda ya san sunan asusun manaja zai iya kulle shi da gangan, ya buga shirme sau uku ya tafi." Batun kwana 90 kuma na nuna masa cewa hukumar NIST ta Amurka, a takardarta SP 800-63B ta 2017, ta ce kada a tilasta wa mutane canji lokaci-lokaci sai in akwai alamar an sace kalmar. Microsoft ma a 2019 ya cire wa'adin tsufa daga ma'aunin tsaronsa na Windows 10. Hujjar kowa ya san ta: wanda aka matsa wa canji duk wata uku, lambar ƙarshe kawai yake ƙarawa. Odita bai ja da wannan ba, amma shi ma da tasa hujjar. Ma'aunin PCI DSS na masu mu'amala da katin banki, siga ta 4.0 da ta fito a 2022, yana neman harafi 12, kullewa bayan kuskuren da bai wuce 10 ba na tsawon minti 30, da canji duk kwana 90 in kalmar sirri ce kaɗai mashiga. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda shi ma ya ambata, tana neman a ɗauki matakan tsaro da suka dace ne, ba ta ƙayyade kwanaki ba. Muka daidaita: kowa harafi 12, kuskure 10, kulle minti 30, sauran ma'aikata shekara guda, masu taɓa kuɗi da masu ikon gudanar da domen kwana 90. Ni dai har yanzu ina ganin kwana 90 ɗin nan ba ta ƙara wani tsaro, amma ba a kanta zan bar aikin ya tsaya ba.

Sa hannun shugaban kamfani ya ɗauki lokaci saboda tafiya. Da na samu shiga, tambayarsa ɗaya ce: "Ni ma ta shafe ni?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da kai za a fara." Ya yi dariya ya ce ai sakatarensa ne ya san kalmar tasa. Na ce to wannan ma za mu gyara, akwai hanyar ba sakatare izinin akwatin saƙo da asusunsa na kansa. Ya sa hannu. Wannan sa hannun ya yi mini amfani fiye da kowane umarni, domin duk wanda ya zo da faɗa daga baya, kwafin takardar nake miƙa masa. Ta fuskar kuɗi, ba mu sayi manhaja ko ɗaya ba. An kawo mana tayin wata da ke tace kalmomin da aka riga aka sace, amma da dala ake biya, kan kowane mutum, duk shekara, akanta ko karanta shafi na biyu bai yi ba. Abin da aka kashe shi ne faifan ajiya na waje, man janareta na ranar Asabar, buga takardun sanarwa, katin waya da abincin rana.

Ranar Asabar ɗin ta ajiyar kwafi ce da duba lafiyar sabobi. Backup-GPO -All ya kwafe duk GPO, wato kundayen dokokin Group Policy, cikin ɗan lokaci, sai wbadmin ya ɗauki kwafin yanayin tsarin saba, shi ne ya ja lokaci. Na buga repadmin /replsummary don tabbatar da sabobin biyu suna musayar bayani ba tangarɗa, domin in ba sa yi, sai mutum ya canza kalma a ɗaya, ɗayar ta ƙi shi. Na kuma duba wace ce ke riƙe da matsayin PDC emulator da netdom query fsmo, saboda ita ce ke rubuta dokar asusu a kan domen, kuma can ake tara labarin kulle-kulle.

A ranar ne ɗan bautar ƙasa ya kawo shawarar da kusan kowa ke fara kawowa. Ya ce, "Oga, tunda 'yan akanta suna OU ɗinsu, mu yi musu GPO nasu mu maƙala a can mana." Zai karɓa, ba zai nuna kuskure ba, kuma ba zai yi abin da ake so ba. Dokar kalmar sirri da aka maƙala a OU tana shafar asusun cikin gida ne na kwamfutocin da ke wannan OU, ba asusun domen ba. Ta Group Policy, domen doka ɗaya gare shi, wadda aka maƙala a tushensa. In ana son doka daban ga wasu mutane, hanyar ita ce Fine-Grained Password Policy, wadda ta zo da Windows Server 2008. Ita kuma ba ta hawa kan OU sam, sai kan mutum ko rukunin tsaro nau'in global. Da ita na yi gwaji. Na ƙirƙiri rukuni, na sa mu biyu da mutum uku masu haƙuri daga sassa daban-daban, na buga New-ADFineGrainedPasswordPolicy da lambobin da aka amince, na haɗa da rukunin ta Add-ADFineGrainedPasswordPolicySubject. Kowace irin wannan doka tana da lambar fifiko, kuma ƙaramar lamba ce ke rinjaye, shi ya sa na ba ta masu gudanarwa 10, ta 'yan kuɗi 20, ta gwaji 50, don a bar fili a tsakani. Wurin tabbatarwa kada a dogara da net accounts /domain, dokar gama-gari kaɗai yake nunawa. Get-ADUserResultantPasswordPolicy ne ke faɗin wadda ta hau kan mutum, in kuma ya dawo ba komai, ba lalacewa ya yi ba, yana nufin ta gama-gari ce ke kansa.

Gwajin ya fito da abubuwan da na zuba a takardar sanarwa. Dokar haɗa nau'i tana neman uku daga cikin manyan haruffa, ƙanana, lambobi da alamomi, kuma tana ƙin kalmar da ke ɗauke da sunan asusu ko wani yanki na cikakken sunan mutum. Saƙon da Windows ke bayarwa in ta ƙi kalma guda ɗaya ne, ko tsawo ne matsalar, ko suna, ko an taɓa amfani da ita, ko ba a cika kwana ɗaya da canjin baya ba. Mutum sai ya yi ta ƙara alamomi alhali sunansa ne ke ciki. Na ba su shawarar su haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa, da Hausa ma in sun so, su sa lamba a tsakiya. Na kuma roƙe su su bar haruffa masu lanƙwasa a wannan wuri, domin allon shiga na kwamfutar ofis ba lallai ya ba su ƙ ko ɗ ba ko da wayarsu na bayarwa.

Sai babban umarnin. Da yammacin wata Alhamis bayan an tashi, na buga Set-ADDefaultDomainPasswordPolicy da -WhatIf tukuna, mai nuna abin da zai faru ba tare da aikatawa ba, sannan na cire shi na buga da gaske: MinPasswordLength 12, ComplexityEnabled a kunne, LockoutThreshold 10, LockoutDuration da LockoutObservationWindow minti 30 kowanne. Tsawon kullewa ba ya yin ƙasa da tazarar ƙirga kuskure, in ka saɓa zai ƙi. Lokaci kuma a rubuta shi da New-TimeSpan, domin lamba tsirara PowerShell ba ya ɗaukarta a matsayin kwana ko minti. MaxPasswordAge, wato wa'adin tsufa, ban taɓa ba. Na sake karantawa, komai ya zauna, na tafi gida da kwanciyar hankali.

Washegari da safe tsawo ya koma 6, haɗa nau'i ya koma a kashe. Na zauna ina kallon allo, har na fara zargin ko wani ne ya shiga da dare. Ba kowa. Get-GPInheritance a kan tushen domen ya warware zancen: akwai GPO biyu a maƙale a can, kuma wanda ke kan gaba a jeri ba Default Domain Policy ba ne. Wani ne da ko suna ba a sa masa ba, yana nan da New Group Policy Object da aka haife shi da shi, aikin ɗan kwangilar da ya kafa tsarin shekarun baya. A cikinsa aka sa harafi 6, aka kashe haɗa nau'i, aka cire tsufa. Umarnin PowerShell yana rubutu ne a kan abin domen a cikin Active Directory, ita kuma PDC emulator duk sanda ta sake zartar da dokokin tsaro sai ta ɗauki na GPO mafi fifiko ta rubuta a kai. Kamar mai shara ne a ƙofar gida alhali ana zubo ƙasa daga saman soro. Sabobin domen suna duba sabuwar doka duk minti 5, sauran kwamfutoci duk minti 90 da ɗan ƙari, saitin tsaro kuma ana sake zartar da shi duk awa 16 ko ba abin da ya canza, don haka komawar na iya zuwa da wuri ko bayan ka yi barci. Na fitar da rahoton GPO ɗin da Get-GPOReport don ganin me kuma ke ciki, na tarar har da saitin firinta da mutane ke amfani da shi, ke nan ba a cire shi ɗungurungum. Na buɗe shi a GPMC, manhajar gyara Group Policy, na mayar da saitin kalmar sirri zuwa Not Defined, na sa masa suna mai ma'ana, na sake buga umarnina, sannan na buɗe Default Domain Policy da idona na tabbatar lambobin sun yi daidai da abin da PowerShell ke faɗa. Wanda ke tunanin yin wannan gyara da Set-GPRegistryValue ya huta, dokar asusu ba a rajista take ba, tana cikin fayil ɗin GptTmpl.inf a SYSVOL. Na bar shi ya kwana, ya wuce awa 16, bai motsa ba. Da Get-GPInheritance ya zo tun ranar karatu, da ba a yi wannan zagayen ba, don haka a sa shi a farkon jeri.

Canjin kalmomin mutane rukuni-rukuni muka yi shi. Na rubuta ɗan jerin umarni da ke karanta sunaye daga CSV, ya cire PasswordNeverExpires, sannan ya sa ChangePasswordAtLogon, a wannan jerin, domin ba a haɗa su biyun a kan asusu ɗaya. Yana rubuta abin da ya yi wa kowa a fayil, kuma yana tsallake duk asusun da na sa a jerin manhajoji. Kowane sashe ana sanar da shi kwana biyu kafin ranarsa, kuma ba mu taɓa yi ranar Litinin ko Juma'a ko ƙarshen wata ba. Da safen ranar sashe mukan tsaya a cikinsu tun kafin su zauna. Shugaban kamfani ne ya fara, kamar yadda aka yi alkawari, labarin kuma ya zaga kafin azahar, ya rage mana gardama sosai. A sito sai da aka buɗe wa kowa asusunsa. Babban mai kula da sito, dattijo ne, ya ce, "Yaro, shekara nawa muna haka ba abin da ya ɓata." Na ce, "Baba, ranar da kaya suka ɓata, sunan wa za a gani a kwamfuta?" Ya yi shiru, ya miƙo hannu na nuna masa inda zai buga. Da kansa ya ɓamɓare rasit ɗin.

Makon farko wayata ba ta huta ba. Yawanci mantuwa ce, Search-ADAccount -LockedOut ya nuna wanda aka kulle, Unlock-ADAccount ya buɗe. Amma akwai wata ma'aikaciya a sashen sayarwa da asusunta ke kulluwa ko tana sallah. A PDC emulator na tace rajistar tsaro da lamba 4740, wadda ke faɗin asusun da aka kulle da kwamfutar da kiran ya fito, na bi 4771 don samun adireshin. Wata kwamfuta ce a ɗakin taro, inda ta taɓa ajiye kalmarta don buɗe babban fayil na sashe, ita kuma tana ta gwada tsohuwar. Abin da ya sa ita kaɗai abin ya sama shi ne, saba ba ta ƙirga kuskure in abin da aka buga ɗaya ne daga cikin kalmomi biyu na baya-bayan nan. Ita kuwa ta manta an sake mata, ta sake mantawa an sake mata, har tsohuwar ta fita daga wannan rangwame. Muka goge ta daga Credential Manager, inda Windows ke ajiye kalmomin sirri, magana ta ƙare. Akwai kuma kwamfutocin da aka ɗora wa sabuwar doka laifi alhali agogonsu ne. Batirin cikin allon uwa ya mutu, da an ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya, Kerberos kuwa, tsarin da ke tantance mai shiga domen, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5. Batiri ne ɗan ƙarami mai kama da kwabo, mun sayi kwali guda.

Rassa sun fi wuya. Wasunsu ta Remote Desktop suke shigowa, kuma in Network Level Authentication, mai tantance mutum tun kafin a nuna masa allo, na kunne, wanda aka sa wa tilas ya canza kalma ba zai samu shiga ba balle ya canza. Su ban sa musu tilas ba. Na kira su ɗaya-ɗaya, suna ciki suka danna Ctrl+Alt+End suka canza da kansu, ni kuma ina duba PasswordLastSet daga nan. Masu laftof da VPN, hanyar shiga hanyar sadarwar ofis daga waje, kuma sai sun haɗa tukuna, su canza, su kulle allo su buɗe da sabuwar kafin su katse, in ba haka ba laftof ɗin zai ci gaba da neman tsohuwar. Layin waya yana yankewa, ana sake kira, haka dai har aka gama.

Sai da fayil ɗin ya nuna ba sauran mutum mai tsohuwar kalma, sannan na sa MaxPasswordAge kwana 365 a dokar gama-gari, na kunna ta kwana 90 a rukunonin masu gudanarwa da 'yan kuɗi. Ba wanda ya ji a jikinsa, ko kira ɗaya ban samu ba ranar. Na ƙara wani ɗan jerin umarni a Task Scheduler da ke karanta msDS-UserPasswordExpiryTimeComputed kowace safiya, ya aika wa mutum saƙo in saura kwana 14, domin sanarwar da Windows ke nunawa a gefen allo ba mai ganinta.

Da za a sake ba ni aikin a wani wuri, jerin da zan bi ke nan: karanta dokar da ke aiki tare da duk GPO da ke tushen domen a zama ɗaya, fitar da jerin mutane a kai ofishin ma'aikata, samun sa hannun na sama, ajiye kwafi, gwaji a ƙaramin rukuni, tsawo da kullewa, canji sashe-sashe, tsufa a ƙarshe. Zan kuma ware asusu ɗaya na gaggawa mai doguwar kalma, a rubuta a rufe a ambulan a sa a sef, tun kafin a kunna kullewa. Lambar kuskure kuwa ba zan yarda ta yi ƙasa da 10 ba ko wa ya nema.

Odita ya karɓi fayil ɗin da ke ɗauke da takardar amincewa, hoton doka kafin da bayan gyara, da rajistar abin da jerin umarnin ya yi, ya rufe layinsa. Asusun manhajoji ne suka rage. Na fitar da na akanta daga Domain Admins, na ba kowannensu kalma mai harafi 30 da aka ajiye a ma'ajiyar kalmomi, amma har yanzu da hannu ake canza su. Waɗanda manhajarsu ta yarda zan mayar da su gMSA, wani nau'in asusu na manhajoji, wanda ya zo da Windows Server 2012, saba ce ke canza masa kalma da kanta duk kwana 30. Kafin a fara sai an buga Add-KdsRootKey an jira awa 10 ya bazu tsakanin sabobi. Asusun na'urar sikana ba zai shiga wannan tsari ba, tunda shi sai an buga masa kalma a ɗan allonsa, don haka na rage masa izini zuwa babban fayil ɗaya da yake zuba takardu, na hana shi shiga kowace kwamfuta.